Tambaya: Yaya ya kamata a tsara kundin dubawa na manhajar da aka ɗora a kan Django?

Bakatsine ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni jimawa a wannan fanni a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu huɗu ne muke kula da wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja da muka ɗora a kan Django, wato tsarin gina shafukan intanet da aka rubuta da harshen Python, kuma aikinta shi ne sauƙaƙa wa masu gina shafukan makarantu rajistar ɗalibai da lissafin maki da fitar da takardar sakamako. Da muka fara, duk bayanin yadda ake amfani da ita fayil ɗaya ne, README, kuma a lokacin ya wadatar, domin abin da manhajar take yi bai taka kara ya karya ba. Yanzu shekara uku ke nan, saituna sun ƙaru, azuzuwan kod (wato class, ƙunshin bayanai da ayyukan da ake yi a kansu) sun ƙaru, kowa a cikinmu in ya ƙara wani abu sai ya gangara ƙarshen fayil ɗin ya liƙa bayaninsa, har ta kai mu kanmu da muka rubuta shi ba ma samun abin da muke nema sai da akwatin bincike.

Abin da ya sa na ce dole a yi gyara ya faru ne a watan jiya. Ina zaune kusa da wata ɗaliba da take haɗa manhajar da aikinta na kammala karatu, tana son sanin mafi ƙarancin makin da manhajar take ɗauka a matsayin cin jarrabawa idan mutum bai saita komai ba. Ta rubuta sunan saitin a akwatin bincike, ya fito mata a wuri uku. A wuri na farko an ce 40, a na biyu, cikin wani misali da ni na rubuta da hannuna, an sa 50 ba tare da an nuna cewa misali ne kawai ba, na ukun kuma bai ambaci lamba ba sam. Ta juyo ta tambaye ni wanne ne daidai, ni kuwa sai da na buɗe kod ɗin kafin na iya ba ta amsa, kuma abin da na tarar a ciki 45 ne, domin an canza shi bara ba wanda ya koma ya gyara rubutun. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda da ba na wurin da ta ɗauki ɗaya daga cikin lambobin biyu ta gina aikinta a kan kuskure.

Mun yanke shawarar raba bayanin gida-gida, kuma ni aka ɗora wa ɓangaren da nake kira kundin dubawa, wato inda ake jera kowane saiti, kowane aji, da kowane aikatau (wato method, ɗan aikin kod mai suna) da ake kira a kan ajin, tare da bayanin abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. Tambayata ita ce: da wane tsari zan jera su? In bi haruffa kamar ƙamus, ko in bi yadda foldojin kod suke, ko kuwa in tara su bisa aikin da mai karatu yake son yi, kamar rajista da lissafi da buga takarda? Haka kuma ɗaya daga cikinmu ya nace cewa kada mu rubuta komai da hannu, mu bar na'ura ta zaro bayanin daga cikin kod. Ina son jin abin da kuka gwada da kanku.

Bazazzagiya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Tunda a kan Django kuka ɗora manhajarku, ina ganin ba sai kun yi nisa wajen neman abin koyi ba, domin masu amfani da taku manhajar sun riga sun saba da yadda Django ta tsara nata bayanin, kuma duk abin da ya yi kama da shi zai zo musu da sauƙi. A shafin farko na bayanan Django an faɗi a sarari cewa an kasa su gida huɗu: darussan koyo da suke riƙe hannun sabon shiga har ya gina manhajar ƙuri'a ta gwaji, sharhi a kan manyan batutuwa, jagorori na yadda ake warware wata matsala takamaimai, sai kundin dubawa. Idan ka buɗe foldar docs a cikin kod ɗin Django za ka ga wannan rabon da idonka: intro, topics, howto da ref. Daniele Procida, wanda yake cikin masu haɓaka Django, shi ne daga baya ya fito da wannan rabo a matsayin tsari mai zaman kansa da ya sa wa suna Diátaxis, kuma abin da ya fi amfanar da ni a cikinsa shi ne cewa kundin dubawa ya kamata ya bi siffar abin da yake bayyanawa, kamar yadda taswira take bin siffar gari.

Wannan ya amsa kashi na uku na tambayarka. Tara abubuwa bisa aikin da mai karatu yake son yi abu ne mai kyau, amma wurinsa jagorori ne. Wanda ya zo kundin dubawa ya riga ya riƙe suna a hannunsa, ko dai ya gan shi a kod ɗin wani, ko a saƙon kuskure, ko ya tuna shi rabi-rabi, kuma abin da yake so shi ne wuri ɗaya tak da zai gaya masa gaskiyar wannan sunan. Matsalar da ta sami ɗalibar nan ta samo asali ne daga nan: saiti ɗaya yana da gidaje uku, kuma babu wanda aka ayyana a matsayin gidansa na asali. Idan kuka jera bisa aiki, saitin makin cin jarrabawa zai shiga ƙarƙashin lissafi, zai kuma shiga ƙarƙashin buga takarda, kun sake komawa gidan jiya ke nan.

Tsakanin bin haruffa da bin siffar kod kuwa, Django ba ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya ba, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. A matakin sama, shafukan suna bin sassan kod: akwai shafin gurabun model, wato ajin da yake bayyana siffar abin da ake ajiyewa a rumbun bayanai, akwai na fom, akwai na saituna, akwai na alamomi da matatun samfuri (template), wato fayil ɗin da yake tsara kamannin shafi. A cikin kowane shafi kuma sai a duba irin abin da ake jerawa. Shafin saituna ya fara da manyan saituna bisa haruffa, daga ABSOLUTE_URL_OVERRIDES da ADMINS da ALLOWED_HOSTS zuwa ƙasa, sannan ya ware na wasu sassa kamar shiga da kalmar sirri, saƙonni, zaman mai amfani da fayilolin da ba sa canzawa, kowanne a rukuninsa. A can ƙarshen shafin kuma akwai fihirisa da ta sake jera manyan saitunan bisa batu, kamar rumbun bayanai da imel da tsaro, amma sunaye ne kawai da mahaɗai, ba a maimaita bayanin ba. Ka ga an biya wa mai neman batu buƙatarsa ba tare da an yi wa saiti gida biyu ba.

Shafin da na fi so in nuna wa mutane shi ne na QuerySet, wato ajin da ake neman bayanai daga rumbu da shi, domin a can an ajiye haruffa gefe saboda dalili mai ƙarfi. An raba aikatau ɗin gida biyu: waɗanda suke mayar da wani sabon QuerySet, irin su filter() da exclude() da order_by(), da waɗanda suke mayar da wani abu daban, irin su get() da count() da exists(). Wannan rabo yana koyar da abu mafi muhimmanci game da ajin, wato cewa rukunin farko ana iya jera su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa rumbun bayanai ba, yayin da kiran na rukuni na biyu yake sa a tafi rumbun nan take. Da an bi haruffa, da exclude() da exists() sun zauna maƙwabtan juna, mai karatu ya ɗauka halinsu ɗaya. Haka shafin gurabun model ya fara da zaɓuɓɓukan da duk gurabu suke tarayya a kai, kuma null da blank ne na farko, kusa da juna, saboda su ne aka fi rikitawa: ɗaya ya shafi abin da ake ajiyewa a rumbu, ɗaya ya shafi ko fom zai yarda a bar gurbi ba komai. Bayan su ne aka jera ire-iren gurabun bisa haruffa, aka kuma ware ForeignKey da ManyToManyField da OneToOneField a rukuninsu na alaƙa.

Don haka ga abin da zan yi da ni ce a matsayinka. Shafi ɗaya ga kowane babban sashen kod. A cikin shafi, idan abubuwan 'yan'uwan juna ne da ba wanda ya dogara da wani, kamar saituna, a bi haruffa. Idan kuwa akwai wani bambancin hali da rashin saninsa zai jawo wa mutum ɓarna, a raba su bisa wannan halin, a kuma faɗi dalilin rabon a jimla biyu a saman shafin. Sannan kowane saiti ya fara da layin da yake faɗin ƙimarsa ta asali kafin kowane irin bayani, kamar yadda Django take yi. Dubi TIME_ZONE, saitin yankin lokaci: an rubuta cewa ƙimarsa ta asali America/Chicago ce, an kuma bayyana cewa an bar ta haka ne don kada a karya tsofaffin ayyuka, alhali sabon aikin da aka ƙirƙira da umarnin startproject yana zuwa da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Django daga wani gidan jarida a garin Lawrence na jihar Kansas ta fito, aka sake ta ga jama'a a 2005, shi ya sa agogon tsakiyar Amurka ya zauna mata. Wanda yake son Africa/Lagos ya san ke nan abin da zai faru in ya goge layin daga fayil ɗinsa.

Bakano ya amsa:

Na yarda da Malama Bazazzagiya a kan batun jeri, ba ni da abin ƙarawa. Inda nake so in yi magana shi ne tambaya ta biyu, domin ina tsoron kada a ɗauki misalin Django a wuce gona da iri. Gaskiya ne Django da hannu take rubuta kundinta, cikin fayilolin rubutu irin na reStructuredText da Sphinx, manhajar gina kundin bayani, yake mayarwa shafuka, kuma Jacob Kaplan-Moss, ɗaya daga cikin jagororinta na farko, ya yi rubutu a 2009 yana nuna cewa bayanin da na'ura ta zaro daga kod kusan ba shi da amfani. Amma a tuna cewa Django tana da ɗimbin masu ba da gudummawa, tana kuma da ƙa'idar cewa ba a karɓar sabon abu sai ya zo da gwajinsa da bayaninsa, akwai kuma masu dubawa da suke tabbatar da haka. Ku kuwa ku huɗu ne, kuma labarin da ka bayar da kanka, Malam, ya nuna cewa an canza lamba a kod shekara guda ba wanda ya tuna da rubutun. Rubutun hannu a wajen kod yana buƙatar ladabin da ƙaramar tawaga ba kullum take iya riƙewa ba.

Flask, wani tsarin gina shafuka na Python, ta bi wata hanya, kuma bayananta ba su da abin kushewa. Shafinta na dubawa ana haɗa shi ne da autodoc na Sphinx, wanda yake ɗauko sunan aikatau da abubuwan da yake karɓa da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa a cikin kod. Ruby on Rails, irin wannan tsari a harshen Ruby, ita ma ta raba gida biyu, jagororin da aka rubuta da hannu a wuri ɗaya, kundin da aka zaro daga kod a wani wuri. Abin lura shi ne ko a Flask mutum ne ya rubuta kowace jimla, na'ura ɗauko ta kawai take yi, kuma mutum ne ya tsara fayil ɗin da yake faɗin wane aji zai zo kafin wane, da kanun da za a sa a tsakani. Amfanin wannan hanya shi ne bayanin yana zaune layi biyu ƙasa da abin da yake bayyanawa, don haka wanda ya zo canza 40 zuwa 45 idonsa zai faɗa kan jimlar da ta ce 40.

Abin da nake ƙi, kuma ina jin shi ne Kaplan-Moss yake nufi, shi ne a saki na'ura ta kwashe duk abin da ke cikin folda ta zuba a shafi. Na taɓa gadar wani aiki da aka yi wa haka. Shafin dubawarsa ya jera aikatau sama da ɗari, har da na cikin gida waɗanda ba a nufi kowa ya kira su ba, kuma bayanin mafi yawansu maimaita sunan ne kawai da wasu kalmomi. Wani ya ga ɗaya daga cikin na cikin gidan a shafin, ya ɗauka an halatta amfani da shi, ya gina aikinsa a kai, da muka cire shi a siga (version) ta gaba sai ga ƙorafi, kuma yana da gaskiya, domin mu muka baje shi a kasuwa. Duk abin da ya shiga kundin dubawa alkawari ne aka ɗauka cewa ba za a canza shi ba sai da sanarwa, kuma Django ta rubuta wannan a manufarta ta ɗorewar abubuwan da ta bayyana. Saboda haka kafin ka jera komai, ku zauna ku huɗun ku yanke abin da yake na jama'a da abin da yake na cikin gida.

Akwai kuma irin bayanin da layin sunan aikatau da abubuwan da yake karɓa ba zai taɓa nuna shi ba. Dubi abin da Django ta rubuta a ƙarƙashin update() da bulk_create(): an gargaɗi mai karatu cewa ba sa kiran save() na kowane abu, kuma ba sa aika siginonin pre_save da post_save, wato sanarwar da ake aikawa kafin ajiyewa da bayanta. Wanda ya sa lissafin maki a cikin save() sannan ya shigar da ɗalibai ɗari biyar da bulk_create() zai tarar ba a lissafa komai ba, ba kuma tare da wani saƙon kuskure ba. Haka a ƙarƙashin get() an faɗi kuskuren da yake tayarwa in bai sami komai ba da wanda yake tayarwa in ya sami fiye da ɗaya. Irin waɗannan jimloli su ne ainihin kundin, kuma ko a cikin kod kuka rubuta su ko a waje, sai wanda ya san inda ramin yake ya zauna ya rubuta.

Shawarata ita ce azuzuwa da aikatau ku rubuta bayaninsu a cikin kod ku ɗauko da autodoc, kuna ambaton kowanne da sunansa a fayil ɗin shafin. Saituna kuwa ku rubuta da hannu a shafi ɗaya, sannan ku ƙara ɗan gwaji da zai kwatanta sunayen da ke shafin da waɗanda ke kod, ya faɗi in an sami wanda babu shi a ɗaya ɓangaren.

Badamagare ya amsa:

Gaisuwa ga kowa. Akwai abin da ba a taɓo ba wanda a ganina shi ne rabin matsalar ɗalibar, wato siga. Lambar 40 ba ƙarya ba ce a lokacin da aka rubuta ta, ta tsufa ne kawai, kuma wanda har yanzu yake amfani da tsohuwar sigar manhajarku 40 ɗin ce daidai a wurinsa. Kundin dubawa da bai faɗi sigar da yake magana a kai ba zai yi wa wani gaskiya ya ɓatar da wani.

Django tana fitar da sabuwar siga kusan kowane wata takwas, kuma kowace shekara biyu a watan Afrilu tana fitar da wadda ake daɗewa ana kula da ita, kamar 3.2 a 2021, 4.2 a 2023 da 5.2 a 2025. Kowace siga tana da nata cikakken kundin, kuma lambar sigar tana cikin adireshin shafin, ta yadda in kana karanta shafin saituna na 4.2 za ka iya canza lambar kawai ka ga shafin nan a 5.2. Misalin da ya dace da naku shi ne USE_TZ, saitin da yake kunna aiki da yankunan lokaci, wanda ƙimarsa ta asali ta koma True a siga ta 5.0, alhali kafin nan False ce. Wani ƙanena da yake koyo ya taɓa kawo mini kwamfutarsa da saƙon kuskure cewa ba a iya ɗauko url daga django.conf.urls ba. Da muka duba, injin bincike ne ya kai shi shafin wata tsohuwar siga, shi kuwa 4.0 ya saka, wadda a cikinta aka cire wannan aikatau bayan an yi gargaɗi tun 3.1. A saman shafin akwai jan layi da yake cewa sigar ta daina samun kulawa, da na nuna masa shi ya fahimci abin da ya faru cikin minti ɗaya. Ba don wannan layin da lambar da ke adireshi ba, da mun daɗe muna lalube.

A cikin shafi kuma Sphinx yana da alamomin versionadded da versionchanged, waɗanda suke sa ɗan rubutu a ƙarƙashin abu cewa an ƙara shi ko an canza shi a siga kaza. Ƙa'idar Django ita ce a rubuta babban bayanin bisa halin da ake ciki yanzu, a sa tarihin canjin a cikin alamar shi kaɗai, domin bayan siga biyu ana goge alamar, kuma ana so a goge ta ba tare da an taɓa sauran rubutun ba. Dandalin Read the Docs, mai ɗaukar nauyin irin waɗannan bayanai a intanet, yana gina kundi daban ga kowace siga kyauta ga buɗaɗɗun manhajoji, don haka wannan ba zai ci muku kuɗi ba.

Abu na biyu daga wurina ya shafi harshe. Mu a nan da yawa da Faransanci muke karanta bayanan Django, kuma abin da ya sa hakan yake yiwuwa cikin sauƙi shi ne adireshin shafi ɗaya ne, en ne kawai yake komawa fr, sunayen saituna da aikatau kuma ba a fassara su, don haka mahaɗin da ɗan Kano ya turo mini zan iya buɗe shi da harshen da na fi ganewa in sauka daidai kan sakin layin da yake nufi. Ana fassarar ne sakin layi bayan sakin layi, wanda ba a kai gare shi ba ya fito da Ingilishi. Idan kuna da niyyar wata rana a fassara naku zuwa Hausa ko Faransanci, ku riƙa rubuta gajerun sakin layi masu cin gashin kansu, domin duk wanda aka taɓa, ko da kalma ɗaya ce, sai an sake duba fassararsa. Ku kuma ba da damar sauke kundin gaba ɗaya, kamar yadda Django take bayarwa a HTML da PDF da ePub, saboda wanda datarsa ta ƙare ko sabis ya ɗauke masa yana tsakiyar aiki.

Bakatsine ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zauna da sauran ukun jiya da daddare, mun bi kod ɗin fayil bayan fayil kamar yadda Malam Bakano ya ce, sai muka tarar kusan rabin abin da muke shirin jerawa na cikin gida ne, mun sa musu alamar ƙarƙashin layi a farkon suna, wadda a Python take nuna abu na cikin gida ne, mun cire su daga lissafi. Mun kuma amince da shafi huɗu: saituna, model, fom, da alamomin samfuri.

Saura abu ɗaya da muka kasa daidaitawa a kai. Muna da azuzuwan da suke gadon juna hawa uku, kuma na ƙarshen, wanda shi ne mutane suke amfani da shi wajen fitar da takardar sakamako, yawancin aikatau ɗinsa daga iyayensa ya gaje su. Idan na bi ƙa'idar gida ɗaya ga kowane suna, mai karatu zai buɗe shafin ajin ya ga abu biyu kacal, alhali yana iya kiran goma sha biyar. Idan kuma na maimaita su a ƙarƙashinsa, na karya ƙa'idar da Malama Bazazzagiya ta kafa mini. Yaya ake fita daga wannan?

Bazazzagiya ta amsa:

Malam Bakatsine, wannan matsalar ita ma Django ta sha fama da ita, tun da ta shigo da azuzuwan nuni na gama-gari, wato shiryayyun azuzuwan da suke karɓar buƙatar mai ziyara su mayar masa da shafi, a siga ta 1.3 a 2011. Aji kamar UpdateView an haɗa shi ne daga ƙananan azuzuwa da yawa, kowanne da abin da yake kawowa, kuma wanda yake son sanin duk abin da zai iya sauyawa a cikinsa sai ya yi ta tsalle daga shafi zuwa shafi. Abin da aka yi a kundin shi ne, a ƙarƙashin kowane aji an jera kakanninsa bisa tsarin da Python yake bi wajen neman aikatau, kowanne da mahaɗinsa. Sannan aka ƙara wani shafi daban, shimfiɗaɗɗiyar fihirisa, inda aka rubuta kowane aji da sunayen duk abin da yake da shi, na kansa da na gado, amma sunaye ne da mahaɗai kawai, bayanin yana nan a gidansa na asali. Duk da haka buƙatar ta yi yawa har wasu daga cikin masu amfani da Django suka gina wani shafi na daban mai suna Classy Class-Based Views, wanda yake baje kowane aji da dukkan abin da ya gada tare da kod ɗinsa, kuma wannan aiki ne da na'ura ta fi mutum iyawa.

A naku, tunda hawa uku ne kawai, ba kwa buƙatar shafi daban. A ƙarƙashin ajin takardar sakamako ka rubuta bayanin abubuwa biyun da suke nasa, sannan ka sa ɗan jadawali na sauran goma sha ukun, kowanne da sunansa, da ajin da ya fito, da mahaɗi zuwa can. Idan ajin ya sauya halin wani aikatau da ya gada, wannan ya zama nasa, sai ka rubuta abin da ya bambanta kawai ka tura mai karatu wurin uban don sauran. Tunda mahaɗan za su yi yawa, ka riƙa gina kundin da sphinx-build tare da -n da -W, na farko yana sa a yi gargaɗi a kan duk mahaɗin da bai sami inda zai sauka ba, na biyu yana mayar da gargaɗin kuskuren da zai sa ginin ya gaza, ta yadda ranar da ɗayanku ya canza sunan wani aikatau a ajin uba ba za a iya haɗa canjin ba sai an gyara jadawalin. Ka kuma kunna intersphinx, ƙarin Sphinx da yake haɗa kundi da wani kundi, ka nuna masa kundin Django, domin inda ajinku ya gaji wani abu daga DetailView mahaɗin ya kai mai karatu shafin Django na sigar da kuke goyon baya kai tsaye. In ka gama shafin ajin nan ɗaya, ka turo shi nan mu duba kafin ka ci gaba da sauran.